Baƙon da Ya Ƙi Shan Furarmu

Yayana ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa ba ya barci, ko ganga aka buga sai ya faɗa ƙarƙashin rumbu. Ran da ya fasa randar gida, manya suka yi shawara aka zura ƙafarsa a turu, wato ƙaton gungumen da ake wa mahaukata, aka ajiye shi a bukkar bayan gidanmu a garin Ƙofa. Damina biyu yana nan. Ni ke kai masa tuwo, lokacin aurena ya mutu ina zaune gida. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Randa ce fa kawai!

Wata ranar kasuwar Kusada sai ga wani malamin En'e daga Kankiya a kan keke, siriri kamar sillen kara. Aikinsa bin tsofaffin sojoji ya ga yadda suke. Ya ce a kai shi wurin sojan. Baba ya ce ba mai shiga, don Yaya yana duka. Malamin ya cire takalmi ya shiga, ya zauna a kan turun, suka gaisa.

Aka dama fura, ni na kai. Ya dubi ƙwaryar ya ce a mayar.

Tirƙashi! A garinmu baƙo bai ƙin abin gida sai in gaba ce. Kafin azahar zance ya kai bakin rijiya. Baba ya zo da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a ƙofar bukka.

"Malam, laifin me muka yi?"

"Babu, Baba. Wurin wannan na zo, shi ne mai masaukina. Mai masauki kuwa shi ke raka baƙo bakin hanya. In zai raka ni, sai in sha."

"In ya ji wa wani ciwo fa?"

"Duk kasuwa zan zo. Kuma akwai likita a Katsina, ni zan kai shi."

Baba ya auna mahaukaci a sake da kunyar baƙo ya fita da ƙishi, ya ga kunyar ta fi nauyi. Aka kira maƙeri ya cire masa turun.

Yaya ya miƙe da ƙyar, ƙafar ta ƙanƙance. Bai gudu ba, bai doki kowa ba, 'yan kallo suka watse ba daɗi. Malamin ya shanye furar tas, Yaya ya raka shi bakin hanya yana ɗingishi. Da ya dawo ya leƙa ɗakin tsakiya, ya juyo ya dube ni.

"Ke, ina Inna?"

Mahaifiyarmu ta rasu tun bara a Kunduru, inda aka kai ta jinya. Ba wanda ya gaya masa, don manya sun ce ba a yi wa mahaukaci ta'aziyya. Na gaya masa, ya zauna a ƙofar ɗakin, ya ce in ba shi buta zai yi alwala ya yi mata addu'a.