Ranar da Inna ta shigo da muciya

Da yawanmu mun ɗauka in mutum ya ci abinci ya wuce kima, maganin abin ya zagi kansa. Ni ma haka na ɗauka, har Talatar da ta wuce.

Darakta ya yi mini faɗa gaban ɗalibaina a lakwal, makarantarmu ta nan Buza. Na dawo gida, na ja kwanon dambun da aka ajiye mana mu uku, ni da Inna da ƙanwata, na shige ɗaki. Ba yunwa nake ji ba. Duk ranar da raina ya ɓaci haka nake yi.

Da na ga gindin kwano sai na fara: "Ke dai ba ki da hankali. Dubi ciki kamar buhun albasar Madawa. Wai ke ce malama."

Sai ga Inna ta ɗaga labule, muciya a hannu.

"Wa ka zagin ɗiyata?"

"Ni ce, Inna. Da kaina nake."

"To ko ke ta, ban yarda ba. Wata tara ni ɗauke ta." Ta zauna, ta ture kwanon gefe. "Hwaɗa min mi ya hwaru."

Na faɗa mata, na sha kukana. Ranar dai ita da ƙanwata fura suka sha.

Jiya ma raina ya ɓaci, hannuna ya nufi kwano, sai na ce, "Sannu Hadiza, wa ya taɓa ki?" Rabona kawai na ci.

Ƙannena, ku ma ku gwada yi wa kanku sannu kafin ku buɗe kwano, ku ba ni labari a ƙasa. Wanda ya zagi kansa, muciyar Inna tana nan.