Rumfa Mai Ƙofa Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta, an yi wani bikin baje kolin makarantu, aka ba mu rumfa ni da abokina da muke koyar da kimiyya tare. A lokacin amai da gudawa na ta ɗaukar yara. Burinmu shi ne iyaye su ga abin da ke cikin ruwan rijiya da idonsu, ko sa riƙa tafasa shi.

Mun zo da majigi, shi kuma yana son duhu, sai muka rufe rumfar ruf da tamfol, muka bar ƙofa ɗaya. Ni kuma na tsaya a baki cikin babbar riga, ina ta washe baki kamar mai tallan magani. Mutane su leƙo, su wuce wajen masu rawa. Har azahar ko mutum ɗaya bai shigo ba. Raina ya ɓaci, har na fara mitar cewa mutanenmu ba sa son ilimi.

Can sai ga wata dattijuwa riƙe da jikarta, yarinya duk ta rame, idanu sun faɗa. Ta ce daga Madagali suka gudo, yanzu suna Yolde Pate.

"Mama, shigo ki gani mana," in ji abokina.

Ta leƙa, ta ja da baya. "Ticha, ƙofa ɗaya ne? In abu ya tashi, ta ina zan fita da yarinya?"

Muka yaye tamfol ɗin ta kowane gefe. Nan take rana ta cinye hoton majigin da na sha wahalar shiryawa, na'urar duba ƙwayoyin cuta kawai ta rage mana. Dattijuwar ta ɗiga ruwan gorar jikarta a kan gilashin na'urar, ta sunkuya ta sa ido. Ta daɗe a haka.

"Abin nan yana tafiya fa," ta ce. Ta zubar da ruwan a ƙasa, ta ɗaga murya tana kiran matan da suka zo tare.

Har yau tausayinta bai bar ni ba. Ban san ko yarinyar ta warke ba. Amma na gane wanda ya tsira da gudu ba ya jin darasi sai ya ga hanyar fita.