Tambayar Malam Sale mai gilashi

Yanzu da safen nan aka kira ni daga Dawakin Tofa. Malam Sale mai yankan gilashi ya rasu bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya yanka gilasan tagogin ɗakin mahaifiyata. In ya gama aiki sai ya tsugunna ya tsince ɓarɓashin tas, wai yaran ƙauye ba sa yawo da takalmi.

Abin yankansa kamar biro yake, da ɗan dutsen daimon a bakinsa wanda bai kai ƙwayar gero ba. Ko aronsa ba ya bayarwa. Nakan tsokane shi da Alhaji mai daimon, alhali kekensa ko birki babu.

Da ofishinmu na malaman gona ya tura ni kwas ƙasar Beljiyam, na je yi masa sallama. Ya ce, "Malam Nura, an ce can ake gyaran dutsen nan. Shekara talatin ina yanka gilashi da shi, ban ga abin da ya ci shi ba. To su da me suke goge shi? Ka tambayo mini."

Tsarabar da ya nema ke nan.

Da na je can, ranar hutu na shiga gidan tarihin daimon. Mutane na ta kallon sarƙoƙi da zobba, ni kuwa na tsaya gaban wani dattijo mai nuna yadda ake aikin. Faifan ƙarfe ne ke juyawa, an shafa masa mai da garin daimon, sai a danna dutsen a kai. Ashe da garinsa ake goge shi. Na ɗauki bidiyo.

Da na dawo ya kira ni a waya. "To, da me?"

Na ce, "A'a Baba, sai na zo ka gani da idonka."

Ya yi dariya. "Kai dai ka iya ja wa mutum rai."

Sati uku ke nan. Daga Bagwai inda nake zuwa Dawakin Tofa ba wata tafiya ba ce, amma kullum sai in ce bari Juma'a ta zo.

Amsar ba ta fi kalma biyu ba. Da ma na faɗa masa a waya. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Yau ga shi zan kama hanyar, ba tare da jiran Juma'a ba.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi wa Malam Sale addu'a.