Ranar da Buhun Shinkafa Ya Fi Gwaggona Daraja

Na sha faɗa muku babu direban da bai san ni ba a Maiduguri. In na ɗaga hannu, ko jirgin sama sai ya rage gudu. Da wannan taƙamar muka tashi da asuba daga Limanti, ni da wani maƙwabcina, zuwa Zabarmari ɗauko gwaggona. Yanar ido ta rufe mata idanu duka biyun, kuma ranar ce ta ƙarshe da likitocin da suka zo aikin ido kyauta za su rubuta sunaye. Da azahar za a rufe.

Zuwa babu wuya. Da sojoji suka buɗe hanya, motoci wayam suke tafiya, har roƙonmu ake mu hau. Muka iske Gwaggo ta yi wanka, ta naɗa lafayarta mai ƙamshin turaren wuta, ta ce so take ta fara ganin likitan tana fes. Ko ƙosan da aka kawo ban gama ba ta ce mu tashi. Kafin hantsi muna bakin titi.

Abin da na manta, kaka ce. Lokacin yankan shinkafa direbobi cire kujerun baya suke yi su loda buhuna har rufi. Buhu ba ya ciniki, ba ya cewa a tsaya ya kama ruwa. Acaɓa kuwa an daɗe da hana shi. Muka tsaya tare da wata mai tsohon ciki, da wani malamin makaranta, da dattijo a keken guragu wanda ya ce jiya ma nan ya wuni.

Na ɗaga hannu har kafaɗata ta kusa gocewa. Kowane direba sai ya leƙo da gaisuwa: "Alhaji, wushe!" ya wuce. Ɗaya ya tsaya, ya ƙare wa tumbina kallo.

"Alhaji, kai kaɗai wurin buhu uku ne."

Na ce to ya ɗauki tsohuwar, ni na biyo a ƙasa. Ya ce makauniya a saman kaya? In ta faɗo wa zai amsa?

Sai bayan la'asar wani mai Keke Napep ya tausaya. Muka isa asibitin an tattare benci, maigadi ya ce wataƙila baɗi. Mai cikin nan can muka baro ta, ban san yadda ta ƙare ba.

Na dawo gida na gane asibitin da ba ka da abin hawa zuwa gare shi, da shi da babu duk ɗaya. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta lalubi tabarma ta zauna, ta fara warware lafayar a hankali.

"Ɗan nan, gaskiyarka, duk sun san ka. Ina ji suna gaishe ka suna wucewa."