Askar da Baba Ya Wasa

Ranar sadakar bakwai ta yayana na zauna a ƙarshen tabarma ina jin yabo har kaina ya yi ciwo. Tsofaffin sojoji sun zo daga Ƙonni cike da mota, suna ta kiransa Majo kamar yadda suka saba a bariki: Majo ya ɗinke wa wannan ƙafa a daji, Majo ya yi jinyar wancan sati biyu. Matarsa ta ce shekara talatin yana likitan soja, duk inda aka tura shi bai taɓa barin su a baya ba. 'Ya'yansa suka ce har farce shi yake yanke musu. Duk gaskiya ne. Ni dai amin na yi ta cewa, don nawa labarin ba mai son ji.

Mu wanzamai ne a Illela. Rabin mazan unguwarmu Baba ne ya yi musu kaciya. Yaya ya tafi lakwal, makarantar boko, daga can ya shiga soja, ni na zauna ina riƙe wa Baba yara da zabirarsa ta kayan aski. 'Ya'yan Yaya maza uku duk a asibitin bariki ya yi musu da kansa. Baba ya haɗiye abin, sai ya ɗora ransa kan ɗana na fari. Tun yaron yana rarrafe yake cewa, "Wanga nawa na, da hannuna za ni yi mishi."

Shekarar da yaron ya kai bakwai, hannun Baba ya fara rawa. Ni na fara gani, ko matata ban gaya wa ba. Har na shirya dabarata: ranar kaciyar zan ɗora hannuna kan nasa kamar mai taimako, ni in yanka, sunan ya zama nasa.

Da sanyi ya shigo Baba ya sa rana, ya fara wasa aska. Sai ga Yaya a kan babur ranar kasuwa, da tsarabarsa kamar kullum. Ya zauna yana kallon Baba yana shan fura, idonsa a kan ludayin da ke kaɗawa. Da zai tafi ya ce in ba shi yaron ya kwana biyu a Ƙonni wurin 'yan'uwansa. Da hannuna na ɗora shi kan babur, wawa da ni.

Bayan kwana goma ya dawo da shi cikin sabuwar riga burum-burum, yaro yana tafiya yana ware ƙafa. Baba yana zaure, aska da dutsen washi a gabansa. Ya ɗaga rigar, ya daɗe yana dubawa.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. Sai ya juyo gare ni. "Kai ɗai ka ga hannuna. Kai ka hwaɗa mishi."

Na rantse, na sake rantsewa. Na dubi Yaya, yana can yana gyara ɗaurin kaya a bayan babur. Na bi shi waje.

"Yaya, koma ka gaya mishi ban ce maka komi ba."

"In ya yi hushi da ni, wa za shi sa shi shan magani?" in ji shi. "Kai kana gida, za shi huce."

Haka ya faɗa, kamar yana gaya wa mara lafiya sau nawa zai sha kinin. Ya tayar da babur ya tafi.

Baba bai huce ba. Shekara huɗu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ya ɗauke zabira ya rataye a ɗakinsa. Shi kuwa Yaya duk wata sai ya zo, ya cire hula ya zauna Baba ya yi masa aski da wannan hannun. Ya tashi kai duk yanka, yana dariya yana shafa jan magani, sannan ya miƙa wa Baba ƙwayoyi, Baba ya haɗiye ba gardama. Mutane suna cewa ga ɗa na gari. Ni ne mai kawo ruwan askin.

Da Baba ya ji zai tafi, ya ce a ba Yaya zabirar, mutumin da ko gemun akuya bai taɓa askewa ba.

Bayan sadakar bakwai ɗin nan matar Yaya ta kawo mini ita da kanta. Na buɗe, ga askar naɗe cikin tsumma, ba ɗigon tsatsa. Ta ce duk Juma'a yake shafa mata mai, yana cewa ajiyar ƙaninsa ce. Na ce mata na gode.

Ɗana yana nan lafiya, har ya tara nasa 'ya'yan, na sani. Amma shekara huɗu Baba yana raye, kunnensa yana ji, Yaya bai buɗe baki ya ce "ni na gani da idona" ba. Ban yafe masa ba.