Bangon da Ya Koya wa Mutane Kaucewa

Kafin koci ya iso, kafin 'yan dambe su fara naɗe hannu, tsohon da ake kira Bango ya riga ya share ɗakin atisaye. Sai ya ɗaura igiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, daidai kafaɗar mutum, ya barbaɗa garin katako a ƙasa. Hannunsa rawa yake yi, ƙulli ɗaya sai ya ci masa lokaci, amma ba ya yarda a taya shi. Shara aka ɗauke shi yi. Sauran aikin shi ya ɗora wa kansa, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye duka.

Sunan nan 'yan kallo suka raɗa masa zamanin da yake damben boksin. Bai taɓa kauce wa naushi ba. A dake shi ya matso, a sake dukansa ya ƙara matsowa, jama'a na ihu: "Bango! Kowa ya dake ka shi zai ji!" Ƙarya suke yi. Shi ya ji. Yau magana na fita daga bakinsa a jaye, yakan riƙe tsintsiya yana neman tsintsiya. Masu ihun kuwa ko ɗaya bai taɓa raka shi asibiti ba.

Shi ya sa duk wanda ya shigo da zafin kai, igiya yake fara nuna masa. Ka bi ta ƙarƙashinta kana matsawa gaba, kanka ya ɓullo dama, ya nitse, ya ɓullo hagu. In ka gama, tsoho ya duƙa ya karanta sawunka a garin katako.

"Nan ka ja diddige kamar mai tallan katifa. Nan ka harɗe ƙafa. Da a fage ne, da yanzu ana yi maka fifita."

Wanda ya fi ba shi wahala ɗan ƙanwarsa ne, Gatari, magidanci mai 'ya'ya biyu, mai hannu kamar guduma da kai kamar dutse. Likita ya gaya masa idonsa na hagu ya taɓu, wani mugun naushin zai iya kashe shi. Gatari ya ce dambe ne abincinsa, ba zai bari ba. Uwarsa ta zo har ɗakin atisaye, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, kai ka ja shi cikin abin nan. Ka dawo mini da shi da ido biyu." Tsoho ya ɗaukar mata alkawari.

Gatari ya raina igiya. "Kawu, ni dambe na zo yi, ba rawa ba. Namiji ba ya ja da baya."

"Wa ya ce ka ja da baya, ɗan nema? Shiga za ka yi, amma ta gefe. Ƙafa ta fara tafiya, kai ya bar hanyar naushi, sannan hannu ya yi magana."

"Ai kai ba ka taɓa kaucewa ba."

Tsoho ya miƙa masa kofin ruwa. Kafin ya kai hannun Gatari, rabi ya zube a ƙasa.

"Ga ladan nan," in ji shi. "Karɓi."

Waɗanda ke wurin sun ce ba wanda ya yi dariya. Gatari ya duƙa ƙarƙashin igiya, ya yi ta bi har cinyoyinsa suka ƙi ɗaukarsa. Haka kullum, har damina ta wuce.

Ranar karawa Gatari ya shiga kamar yadda ya saba, yana kutsawa gaba, sai dai kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Naushin da aka auna idonsa ya yi ta wucewa ta saman kafaɗa. 'Yan kallo da suka zo ganin jini suka fara: "Matsoraci! Tsaya mana!" Alƙalai suka ba abokin karawarsa nasara. Ya sauko da idonsa biyu.

Tsoho bai je ba, jiki ya hana. Washegari Gatari ya same shi zaune bakin igiya, ya gaishe shi. Tsoho ya dubi fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

Gatari ya tuɓe takalmi, ya bi ƙarƙashin igiya har ƙarshe. Tsoho ya rarrafa ya duba sawun.

"Wa ya koya maka takun nan?"

"Kai ne, Kawu."

"To, ko wane ne, ya iya."

Bango, ba za a yi maka kirari a nan ba, domin kirari ne ya cinye ka. Gaskiya kawai za a faɗa. Kai ne ka mai da raunin jikinka darasi, ba ka ɓoye shi don kunya ba. Kai ne ka cika wa ƙanwarka alkawari, ko da yau ba ka tuna ka ɗauka ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya sassauta maka.

Ku kuma masu horar da 'ya'yan mutane, ku ji tsoron Allah, ku koya musu ƙafa kafin hannu. Masu ihu a bakin fage, ku je ku gaishe shi, ku dubi abin da ihunku ya bari. Igiyar tana nan a ɗaure. Saura wanda zai duƙa ya karanta sawu.