Kaset ɗin Baba da Nisan Taurari

Kakata Inna Hajo ba ta taɓa zama don tatsuniya kawai ba. A gidanmu na unguwar Gamkalle a Yamai, da an idar da sallar isha'i takan ɗora tukunyar zogalen da za ta kai kasuwa da safe, mu kuma mu kewaye murhu saboda sanyin da ke tasowa daga kogi. Tana iza wuta tana ba mu labari. In itace ya ƙi ci, labarin ma tsayawa yake sai an hura.

A shekarun nan babana, ɗanta ɗaya tilo, yana aikin gini a Libiya. Ba mu da waya, Inna kuma ba ta karatu, don haka muryarsa yake ɗauka a kaset ya ba matafiyi ya kawo mana. Wani kaset ya yi wata uku a hanya, wani biyar. Shekarata ta biyu a kwaleji sai muka ji shiru, wata goma sha ɗaya ba kaset ba labari. Ba wanda ya yarda ya furta abin da muke tsoro. Inna dai ta kafe a kan cewa ɗanta yana nan da rai, hanya ce ta yi nisa.

Ina jin shi ya sa ta nace wa tatsuniya guda. "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri," in ji ta. Wai wata mata ce ɗanta ya hau sama neman aiki wajen wani tauraro. Da kewa ta ishe ta, sai ta ba tsattsewa saƙon gaisuwa. Tsattsewa ta yi ta tashi har ta tsufa, tauraro bai ko ƙara girma a idonta ba. Sai ta yi ƙwai a kan gajimare, ta faɗa wa 'yarta saƙon, ta mutu. 'Ya ta ba jika, jika ta ba tata.

"Tsattsewa goma sunka wuce," in ji Inna. "Goman ga sau goma. Abin da ya taru, shi ma sau goma."

Tana faɗa tana jera tsinken zogale a ƙasa, kowane tsinke sau goma ke nan. In ta jera shida ko bakwai sai ta ce saƙo ya isa, ɗa ya amsa, amsa ta kamo hanya. "Tana nan tahe har yanzu, uwar ko ba ta gaji da jira ba."

Ana cikin haka, wata safiya mushe, kamar yadda muke kiran malaminmu na lissafi, ya rubuta goma a allo, ya ɗora mata wata 'yar lamba a kafaɗa. Ya ce 'yar lambar ita ke faɗin sau nawa za a ninka goma. Na kusa tashi tsaye, ashe tsinken Inna ne aka sa wa alli. Ya ce haske yana cin kilomita dubu ɗari uku a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka na rana sai ya yi minti takwas kafin ya same mu. Tafiyar haske ta shekara guda kuwa kusan kilomita goma ce mai sha uku a kafaɗa, kuma tauraro mafi kusa ya fi shekara huɗu a wannan gudun. Ya ƙara da cewa waɗansu da muke gani wataƙila sun daɗe da mutuwa, haskensu ne kawai ke isowa.

Na dawo gida kaina ya kumbura, kuma a lokacin bakina ya fi hankalina sauri. Da yamma tana jera tsinke na ce, "Inna, ba su isa ba. Sha uku ma shekara guda ce kawai."

Ta yi dariya. "Ku ji maigidana, ko hura wuta bai iya ba, ya koma awon sama."

Ƙannena suka kwashe da dariya, ni kuma na so in rama. Na ce, "Mushe ya ce ko amsar ta iso, mai yiwuwa wanda ya aiko ta ya riga ya mutu."

Mamata ta ɗago ta dube ni. Inna ta tattara tsinken ta zuba a wuta, ta ce mu tashi mu shiga ɗaki. Ba ta sake ba mu wannan tatsuniyar ba, kuma kunya ta hana ni ba ta haƙuri.

Bayan wata biyu wani abokin aikin Baba ya sauka a tashar Wadata ya nemo gidanmu. Ya daɗe yana gaisuwa, kansa a ƙasa, kafin ya ce zazzaɓi ya ɗauke Baba wata huɗu da suka wuce. Sannan ya miƙo kaset ɗin da Baba ya ɗauka kafin ya kwanta.

Da masu ta'aziyya suka ragu, Inna ta sa aka kunna rediyo. Muka ji muryarsa. "Inna, ina gaishe ki. Ina nan lahiya lau. Ina Sani? Sani, ina gaishe ka."

Da na ji sunana sai na fashe da kuka, na ce bakina ne ya jawo. Ta tsayar da kaset ɗin.

"Bakinka bai kai Libiya ba, maigida. Ranar da ya yi maganar ga lahiya tai lau, bai yi muna ƙarya ba. Gaisuwa ce ta iso. Amsa mishi."

Ta mayar da shi baya, ya sake gaishe ni, na amsa.

Yau ni ke koyar da lissafi a Yamai, kuma 'yar lambar nan tana ba ni tsoro, don tana ɓoye jira mai tsawo a wuri kaɗan. Sai da na girma na karanta cewa mushe ya ƙara gishiri: taurarin da ido ke gani kusan dukansu suna nan da ransu. Na ji kamar in ruga Gamkalle in gaya wa Inna, in roƙe ta ta dawo da tatsuniyarta. Amma wannan labarin ma ya makara a hanya, shekara shida ke nan da muka binne ta.